Shirin tafiyar safe da tsarin abinci na masu ciwon suga a Zariya: abin da ake samu da abin da ya rage

Tsakanin PZ da GRA a nan Zariya akwai wata ƙaramar cibiyar lafiya mai zaman kanta da ta buɗe wani shiri na musamman domin masu ciwon suga nau'i na biyu, ana biyan kuɗinsa wata-wata. Ba zan ambaci sunanta ba, tunda ba talla na zo yi ba, kuma bayanin zai amfani duk wanda ke tunanin sa kuɗinsa a irin wannan shiri ko a ina yake. Wanda ya yi rajista yana samun zama da masaniyar tsarin abinci sau ɗaya a wata, da tafiyar safe cikin rukuni sau uku a mako ƙarƙashin kulawar nas, da gwajin suga kafin tafiyar da bayanta, sai kuma wani ɗan littafi da ake rubuta sakamako a ciki. Ba sa rubuta magani, ba sa kuma taɓa wanda likita ya rubuta; idan sun ga abin da bai kwanta musu ba sai su mayar da mutum wurin likitansa, kuma yawancinmu muna ganin likita ne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko a Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Ni ina shan maganin suga mai suna metformin, na kuma daɗe a cikin shirin har na ga ɗari da bazara da azumi a cikinsa. Hukuncina shi ne ya cancanci kuɗinsa, amma dalilin da ya sa ya cancanta ba shi ne wanda suke tallatawa a takardarsu ba.

Abin da suke tallatawa shi ne tafiyar safe. Abin da ya fi daraja kuwa shi ne zaman da ake yi da masaniyar abincin, domin ita ce ta fara koya mini yadda zan karanta jikina da kaina. Duk wanda aka ce masa yana da suga a ƙasar nan ya san takardar nan ta hani da ake miƙa wa mutum ranar farko: a bar shinkafa, a bar tuwon masara, a bar doya, a koma alkama da wake da acha. Sakamakon wannan takarda a gidaje da yawa shi ne magidanci ya zauna ya cinye malmala uku ta tuwon alkama da zuciya ɗaya, yana ganin magani yake sha, alhali garin alkamar da aka niƙa ya yi laushi yana ɗaga suga kusan yadda garin masara ke yi. Wannan baiwar Allah ba ta ba ni takarda ba. Tambayoyi ta yi mini: me nake karyawa da shi, wa ke girki a gidan, a kwano ɗaya muke ci da yara ko ana zuba mini nawa daban, ƙarfe nawa ake sauke tuwon dare, me nake saya idan yunwa ta kama ni a wurin aiki. Bayan ta gama sai ta ce in zaɓi abinci ɗaya da na saba ci, in gwada jinina kafin lomar farko, in sake gwadawa bayan awa biyu, in rubuta duka biyun tare da adadin abin da na ci.

Ma'aunin da take aiki da shi na Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ne, wanda likitocinmu ma suke bi: ga yawancin manya, suga ya kasance tsakanin 80 da 130 kafin cin abinci, kada kuma ya haura 180 a awa ɗaya zuwa biyu bayan an fara ci. Waɗannan lambobi na ma'aunin mg/dL ne da galibin na'urorin gida ke nunawa, kuma ta tunatar da mu cewa wasu ɗakunan gwaji suna rubuta sakamako da mmol/L, wanda ake ninkawa da 18 a samu na farkon, don kada mutum ya ga an rubuta masa 9 ya yi murna alhali 162 ake nufi.

Na fara da koko da ƙosai, domin da shi nake karyawa tun ina saurayi, kuma tun da ciwon ya same ni na daina zuba masa sukari. Bayan awa biyu na'urar ta nuna mini abin da ya haura 200. Da na kai mata littafin sai ta duba ta ce, "Baba, ba sukarin da ake zubawa ne kaɗai ke zama suga a jini ba. Gasarar nan an jiƙa ta, an markaɗa, an tace dusar an zubar, an dama ta da tafasasshen ruwa, sannan kai kuma ka kurɓe ta cikin minti biyar. Babu sauran aikin da ya rage wa cikinka." Ba ta ce in bar koko ba. Cewa ta yi in rage shi zuwa ƙaramin kofi ɗaya, in fara cin ƙosan ko alale ko dafaffen ƙwai tukuna, in sha kokon a ƙarshe, sannan in sake gwadawa. Na gwada, lambar ta tsaya ƙasa da 170. Tun daga nan na fahimci cewa yawan abin da aka ci, da abin da aka haɗa shi da shi, da wanda aka fara kaiwa baki, sun fi sunan hatsin muhimmanci.

Haka muka bi sauran abincin gida ɗaya bayan ɗaya. Tsarin faranti da ake koyarwa a ƙasashen waje, wato rabi ganye, kwata nama ko kifi ko wake, kwata kuma abinci mai sitaci, bai zauna daidai da tuwo da miya ba, kuma ta san haka. Abin da ta mayar da shi gare mu shi ne malmala ɗaya da ba ta wuce dunƙulen hannun mai ci ba, miyar kuɓewa ko ta kuka ko taushe mai yalwar ganye, sannan a gabatar da kwaɗon zogale ko na rama da aka yi da ƙuli-ƙuli ba tare da sukari ba. Fate mai yawan alayyafo da yakuwa ya fi tuwo sauƙi a jinina, dambun da aka cika wa zogale ma haka, amma waina da funkaso da gurasa sun nuna kansu ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Acha, wadda ake ɗauka kamar ba ta da laifi ko kaɗan, ita ma hatsi ce, kuma wanda ya cika kwano da ita zai gani a na'urarsa. Game da fura da nono, shawararta ita ce a yawaita nonon, a rage furar zuwa rabin curi, a bar sukari gaba ɗaya. Ta yi magana a fili kan zuma da mazarƙwaila da dabino da raken Maƙarfi da ake sarewa a kowace kwana ta garin nan idan lokacinsa ya yi: dukkansu suga ne a wurin jini, kuma kasancewarsu na gargajiya bai canza komai ba. Haka nan lemon malt da ake kai wa marar lafiya a asibiti da sunan ƙarin jini. Na ji daɗin yadda take faɗin wannan ba tare da raina abincinmu ba, domin na taɓa zama gaban masu ba da shawara da ke magana kamar dai tuwo ne ya jawo mana ciwon.

Ita tafiyar safen ana fara ta bayan gari ya waye, ana bin titunan GRA masu inuwa da ƙarancin mota har wajen filin Polo a dawo, kimanin minti 40. Nas ɗin tana cewa a yi saurin da mutum zai iya magana da na kusa da shi amma numfashinsa ba zai ishe shi jan doguwar hira ba. Lissafin minti 120 ne a mako, wanda shi kaɗai bai kai abin da masana suka tsayar ba, wato aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, a rarraba a kwana uku ko fiye, kada kuma a jera fiye da kwana biyu ba a motsa ba. Dalilin wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne abin da ya fi burge ni da aka yi mana bayaninsa. A ciwon suga nau'i na biyu jiki yana samar da insulin, wato sinadarin da ke kwashe suga daga jini zuwa sassan jiki, amma tsoka da hanta ba sa amsa masa yadda ya kamata. Tsokar da ke aiki kuwa tana jan suga daga jini ta wata hanya da ba ta dogara sosai da insulin ba, sannan bayan an gama tana ci gaba da amsa wa insulin da kyau na kwana ɗaya zuwa uku, daga nan amfanin ya dushe. Shi ya sa wanda ya yi doguwar tafiya ranar Asabar kaɗai bai kai wanda ke yin gajeriya kullum ba. A ranaku biyu ana ƙara atisayen ƙarfafa tsoka bayan an dawo, kamar tashi da zama daga kujera, da tura bango, da jan roba, kuma dattawan da suka fara da ƙunƙuni su ne yanzu ke tuna wa nas idan ta manta.

Sai dai abin da ya fi sauya lambobina ba a GRA nake yin sa ba. Masaniyar abincin ta kawo mana wani bincike na Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan na shekarar 2016, inda aka gano cewa masu ciwon suga nau'i na biyu da suka yi tafiyar minti 10 bayan kowane abinci sun samu saukar suga bayan ci fiye da lokacin da suka yi tafiyar minti 30 a dunƙule a duk sa'ar da suka ga dama, kuma bambancin ya fi fitowa bayan abincin dare. A gidajenmu tuwo yana sauka ne bayan Magariba, don haka na koma cin nawa da wuri in kama hanyar wani masallaci mai ɗan nisa domin sallar Isha'i, maimakon na ƙofar gida. Wannan ba ya cin ko kwabo, kuma ina ganin ya kamata cibiyar ta sa shi a gaba cikin abin da take koyarwa, ba ta bar shi a matsayin ƙarin bayani ba.

Akwai wata safiya da ta nuna mini ƙarfin shirin da rauninsa a lokaci ɗaya. Wani dattijo da ya shigo sabo ya fara ja da baya a tsakiyar tafiya, gumi ya jiƙe masa riga alhali ana cikin sanyin hunturu, hannunsa na rawa, amsarsa kuma ta fara zama a hankali. Nas ɗin ta zaunar da shi a bakin kwalbati, ta soki yatsansa, na'urar ta nuna 62. Nan take ta ciro ƙullin sukari daga jakarta, kimanin cokalin cin abinci ɗaya, ta narka a ruwa ta ba shi, ta duba agogo, bayan minti 15 ta sake gwadawa, sai da ta ga ya haura 70 da nisa sannan ta sa aka samo masa burodi ta kira mai a-daidaita-sahu. "Baba, wane magani ka sha da asuba?" ta tambaye shi. Ashe glibenclamide ne, ya haɗiye shi bayan sallah, ya fito bai sa komai a cikinsa ba. Abin da ta yi daidai ne daga farko har ƙarshe, amma bai kamata a ce sai a bakin hanya aka yi masa wannan tambaya ba. Metformin shi kaɗai da wuya ya faɗar da suga ƙasa da kima, amma insulin da magunguna irin su glibenclamide da glimepiride da gliclazide suna yi, kuma motsa jiki yana ƙara musu ƙarfi, wani lokaci har sa'o'i da yawa bayan an gama, cikin dare. Mai amfani da su wanda sugansa ke ƙasa da 90 kafin ya fita yana bukatar ya ɗan ci wani abu tukuna. Takardar rajistar cibiyar tana da gurbin rubuta magani, amma a ranar da layi ya yi tsawo akan bar wasu su wuce ba a gwada su ba, kuma a nan ne haɗarin yake. Tun bayan wannan rana sun tsaurara, sai dai har yanzu nas ɗaya ce ke kula da rukunin gaba ɗaya, kuma idan ta tsaya da mutum ɗaya sauran suna tafiya ne babu mai lura da su.

Wani abin da ba a yi mana bayaninsa da wuri ba shi ne cewa suga kan iya hawa bayan tafiya mai sauri da sassafe. Wasu sun ga haka sun karaya, har wani ya daina zuwa. Dalilin kuwa sananne ne: da asuba jiki yana sakin sinadaran da ke sa hanta ta zuba suga a jini, motsa jiki mai tsanani kuma yana ƙara hakan na ɗan lokaci, daga baya lambar ta sauka. Wannan daban yake da wanda ya zo da suga sama da 250 yana jin ƙishirwa da kasala, wanda nas ke hana shi fita ta tura shi asibiti.

A kan kula da ƙafa na ba su maki mai kyau. Ba a barin kowa ya yi tafiya da silifas, ana duba tafin ƙafar sabon shiga da wani siririn zare don a ga ko jijiyoyinsa suna ji, kuma da hunturu ana yawan jan kunne kan kaushi da faso, a shafa mai a dunduniya, a tsane tsakanin yatsu bayan alwala, a girgiza takalmi kafin a sa. Wanda ƙafarsa ta daina jin zafi zai iya taka ƙusa ya yini bai sani ba, kuma a nan gyambon da ke kai ga yanke ƙafa yake farawa. A kan ido kuwa sun gaza. Ana ba mutane roba su ja da ƙarfi suna riƙe numfashi ba tare da an tambaye su yaushe aka duba musu bayan ido ba, alhali wanda ciwon ya lalata masa jijiyoyin ido sosai ana hana shi irin wannan yunƙuri.

Kuɗin wata bai haɗa da sitirip na gwajin gida ba, wato ɗan tsinken da ake ɗiga wa jini a na'ura, kuma wannan ne ainihin tsadar shirin, domin duk darasin koko da tuwo da na faɗa a sama ba ya yiwuwa sai mutum yana da na'urarsa. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin sitirip ya yi tashin da ya sa masu fansho da yawa suka ajiye na'urorinsu a durowa. Masaniyar abincin ta san haka, shi ya sa ba ta cewa a gwada kullum ga wanda ba ya kan insulin. Cewa take a zaɓi abinci ɗaya a mako a yi masa gwaji biyun nan, mako mai zuwa a koma wani. Tana kuma nanata a wanke hannu da sabulu a tsane kafin a soka, domin ɗanƙon mangwaro ko dabino a yatsa yana iya nuna lambar da za ta tayar da hankali a banza, a rufe gwangwanin da zarar an ciri ɗaya, kada kuma a bar shi a mota cikin zafin Maris da Afrilu. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku kuma ake son ya kasance ƙasa da kashi 7 cikin ɗari ga yawancin manya, shi ma sai mutum ya je ɗakin gwaji ya biya daban. Ta yi kyau da ta gargaɗe mu cewa ga mai sikila ko mai ƙarancin jini wannan gwaji yana iya ba da sakamakon da ba daidai ba, abin da ya shafi gidaje da yawa a nan.

Zaman da suka shirya kafin azumi shi ne mafi amfani a duk shekara, kuma da za su buɗe shi ga kowa da kowa da sun yi babban aikin lada. Sun bi ƙa'idojin da Tarayyar Ciwon Suga ta Duniya ta fitar tare da ƙawancen masana kan ciwon suga da Ramadan: mutum ya ga likitansa makonni kafin watan ya kama don a gyara masa lokacin magani, ya ci gaba da gwaji da rana tunda sukar yatsa ba ta karya azumi, ya karya azumin nan take idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ya guji aikin ƙarfi gab da faɗuwar rana, ya kuma ƙidaya tarawihi cikin motsa jikinsa. An dakatar da tafiyar safe a watan, aka kuma yi dogon bayani kan kunun tsamiya da kunun gyaɗa da zoɓo mai sukari da ake jerawa a kan tabarmar buɗa-baki, waɗanda sukan rusa wahalar yini guda cikin kwata awa.

Abin da ya fi damuna shi ne matsayin mata a shirin. Ciwon ba ya bambanta mace da namiji, amma waɗanda ke fitowa tafiyar kusan duka maza ne, sai 'yan mata ma'aikata kaɗan. Matar aure da ke cikin birni, ko Gyallesu, ko Samaru, ba za ta bar gida da sassafe lokacin shirin yara makaranta ta biya kuɗin mota zuwa GRA don ta yi yawo a titi cikin maza ba. Cibiyar tana da fili a bayanta da za a iya keɓe musu da hantsi, tare da mace mai horarwa, a koya musu abin da za su ci gaba da yi a tsakar gida. Haka nan ya kamata a riƙa gayyatar wadda ke girki zuwa zaman abincin, domin magidancin da aka koya wa girman malmala ba shi ne ke riƙe da mara ba. Na kai uwargidana sau ɗaya da roƙo, kuma abin da ta ɗauka a wannan zama ya fi duk abin da na yi ta maimaita mata a gida.

A bakin ƙofar fita akwai kanta da suke sayar da garin acha da na alkama da wani ganyen shayi da aka rubuta wa cewa na masu suga ne. Wannan kanta tana ƙaryata abin da ake koyarwa a ciki, kuma garin da ke kanta ana samunsa da rahusa a kasuwar Sabon Gari. Na yaba dai da cewa ma'aikatan ba su taɓa yi wa kowa alkawarin warkewa ba, a garin da masu lasifika ke yawo da kwalaben maganin suga sha-yanzu-magani-yanzu. Abin da suke faɗa shi ne ciwon yana iya lafawa ga wasu idan sun rage ƙiba sosai a shekarun farko, kamar yadda binciken DiRECT na Birtaniya ya nuna a 2017, inda kusan rabin waɗanda suka bi tsarin rage nauyi suka kai shekara guda sugansu na daidai ba tare da magani ba, amma yana iya dawowa idan nauyin ya dawo, kuma likita ne kaɗai ke da ikon cewa a ajiye magani.

Wanda zai shiga, ina ba shi shawara ya yi gwajin HbA1c kafin ya fara, ya biya na wata uku, ya sake gwadawa, sannan ya yanke ko zai ci gaba, domin a wannan tsakani zai koyi yawancin abin da ake koyarwa. Ranar farko ya tafi da kwalayen magungunansa gaba ɗaya, har da na hawan jini, ya ajiye su a gaban nas ko ba ta tambaya ba, ya kuma riƙa sa ƙullin sukari a aljihu. Mai ciwo a ƙafa da bai warke ba, da mai jin nauyi a ƙirji ko yankewar numfashi idan ya hau bene, da wanda ganinsa ya fara dishi-dishi, su fara zuwa Shika a duba su kafin su sayi takalmin tafiya.